Amsa ga malamar da ke tambaya kan koyar da zane ba tare da kayan aiki ba

Assalamu alaikum. Malama, na ga tambayarki cewa an ba ki ajin CE1, wato aji uku na firamare, a Marwa da ke arewacin Kamaru, yara sun haura tamanin, babu fenti babu takarda, ga kuma darasin zane a jadawali. Na daɗe ina koyarwa a firamare tsakanin Garwa da Yagwa, kuma abin da na fahimta shi ne, rashin kaya bai kai yadda muke koyarwar illa ba.

A shekaruna na farko nakan zana mangwaro a babban allo in ce kowa ya kwafa, wanda nasa ya fi kama da nawa shi ne gwani. Sai na wayi gari da mangwaro tamanin iri ɗaya, alhali babu yaron da ya kalli mangwaron gaske. Ranar da na shigo da ƙwarya da tulu da reshen dogon yaro na ajiye a tsakiyar aji, na hana kowa taɓa alli sai ya gaya mini abin da idonsa ya gani, ranar ce na fara koyar da zane. Ki tambaye su ina ne bakin tulun ya tsuke, wane gefe haske ya bugi, ina inuwa ta faɗi. Yaron da ya iya amsa waɗannan, hannunsa zai biyo baya ko da a hankali.

Game da launi, kusan duk abin da kike bukata yana tsakanin kasuwa da bayan makaranta. Gawayi da aka niƙa yana ba da baƙi, jar ƙasa da aka tankaɗe tana ba da ja mai duhu, gangamau rawaya, bular wanki shuɗi. Ki jiƙa ƙaro ya kwana, ki zuba kaɗan a kowane launi domin ya kama takarda, kamar yadda almajirai suke haɗa tawada. Idan yara suka gauraya bula da gangamau da hannunsu suka ga kore ya fito, ba za ki sake maimaita musu wannan darasi ba. Zoborodo kuwa, wanda muke ce wa folere, shi ya fi burge su: a ɗiga masa lemun tsami ya ƙara ja, a sa masa kanwa ya juye zuwa kore mai duhu. Takardar buhun siminti da kwali sun isa wurin shafawa, tsinken asuwaki da aka tauna bakinsa ya zama burushi. Da yake ajin ya cika, ki raba su rukuni na takwas takwas, kowane rukuni da gwangwanayensa da shugabansa.

Kada ki nemo misali daga nesa. Ɗakunan laka na mutanen Musgum da ke wajen garin Pus, masu siffar ƙwai a tsaye, zanen da ke jikinsu ado ne kuma matakala ce ta masu gini da yaɓe. A Gawi, kusa da Njamena, matan Kotoko suna ƙawata bangon gidajensu da launin ƙasa, kuma a yankin ne aka tono mutum-mutumin yumɓu na mutanen Sao na zamanin da. Ga dukawan Marwa a kusa da ke, ga masu sassaƙa ƙwarya, ga masu ɗinkin hula. Na taɓa gayyato wata tsohuwa mai zanen ƙwarya ta yi awa guda a ajina, kuma ban taɓa ganin yaran sun nutsu kamar ranar ba.

Akwai abin da ba ki ambata ba, amma zai same ki. Wasu iyaye ba sa son 'ya'yansu su zana abu mai rai, kuma ban ga amfanin jayayya da su ba. Zayyanar allon sauka, dagi, adon tabarma, ganye da gine-gine sun ishi yaro ya koyi layi da siffa da daidaito har shekara ta ƙare. Wani uba da ya zo mini da fushi, da ya ga ɗansa zayyana yake yi, shi ya aiko mana da ƙaro washegari.

Wajen ba da maki, ki guji jan biro a kan aikin yaro, kada kuma ki gyara masa da hannunki. Ki ce ya ba ki labarin abin da ya zana, ki duba ko ya lura da kyau, ko ya kammala, ko ya kula da kayan aiki. Na ga yara da yawa da suka kai CM1, wato aji biyar, suna cewa ba su iya zane ba, kuma in ka bincika sai ka tarar dariyar da aka taɓa yi musu a ƙaramin aji ce sanadi. Saboda haka ki ɗaura igiya daga taga zuwa taga, ki riƙa rataye aikin rukuni biyu kowane mako, bi da bi, har kowa ya ga nasa a sama kafin hutun zangon farko.