Likita, ciwon zai dawo? Amsoshi kan cututtukan da garkuwar jiki ke yaƙar ƙwaƙwalwa

Wata uwa daga unguwar Birni, Damagaram: 'Yata mai shekara 19 ta daina barci, tana sambatu, sai farfaɗiya ta biyo baya. Mun daɗe muna ruƙiyya kafin likitoci su gano garkuwar jikinta ce ke yaƙar ƙwaƙwalwarta, suka ce nau'in NMDA ne (sunan sashen ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da garkuwar ke kai wa hari). Yanzu ta samu sauƙi. Akwai gwajin da zai nuna ko zai dawo?

Hajiya, Allah Ya ƙara mata lafiya. Ba a ma san wannan cuta ba sai a 2007, da Josep Dalmau da abokan aikinsa suka bayyana ta a Amurka, don haka ban yi mamakin an ɗauka iska ce ba. Abin da ake aunawa shi ne antibodi, makamin da jiki ke ƙerawa don ƙwayoyin cuta amma ya juya kan mai shi. Ana nemansa a jini da kuma ruwan laka, wanda ake ɗiba ta baya kamar yadda ake yi wa mai sanƙarau. Na ruwan laka ya fi abin dogaro, don hauhawarsa takan zo tare da dawowar ciwon. Sai dai akwai waɗanda suka warke sarai, antibodin kuma yana nan shekaru, shi ya sa ba ma ƙara magani saboda sakamakon gwaji kawai. Kusan mutum 12 cikin 100 ne ciwon ke dawo musu cikin shekara biyu, galibi da sauƙi fiye da na farko. Ki tabbatar an yi mata hoton ƙwan mahaifa. Wani ƙari da ake kira teratoma kan haddasa cutar ga 'yan mata, cire shi kuma yana rage dawowarta. Rashin barci ko sauyin hali ya sake ɓullowa, ku garzaya asibiti.

Wani magidanci daga Mirriya: Idona ɗaya ya mutu, ƙafafuna suka yi nauyi, gwaji ya nuna wani antibodi mai suna AQP4. Yanzu adadinsa ya ragu. In daina azathioprine, maganin rage ƙarfin garkuwar jiki?

Malam, kada ka kuskura. A wannan cuta ta jijiyar ido da laka, samun AQP4 kansa shi ne alamar haɗari, raguwarsa ba ta ba da tabbacin komai, kuma kowace dawowa tana iya hana mutum gani ko tafiya. Da a ce wani antibodin ne daban mai suna MOG, da mun tattauna batun daina maganin, don shi idan ya ɓace daga jini haɗarin yakan ragu, musamman ga yara.

Wata daga Zango: Duk lokacin bazara ganina yakan dushe. Tsohon ciwon jijiyata ne ya dawo?

Ƙanwata, zafin Afrilu da Mayu, ko zazzaɓin cizon sauro, yakan tayar da tsohon lahanin jijiya, ya lafa idan jiki ya huce. Amma sabuwar alama, ko wadda ta wuce awa 24 ba tare da zazzaɓi ba, ki je likita ya duba ki a ranar.