Tambayoyinku: Kebul ya shiga, amma majigi ya ƙi kawowa

Tambaya: Yayana ya bar mini tsohuwar firinta babu kebul. Ramin da ke bayanta kusan murabba'i ne, bai yi kama da na kwamfuta ba. Sai na nemo na kamfaninta?

Amsa: A'a. USB-B ke nan, kuma kusan duk firintar da ke aiki da USB shi take amfani da shi, ko Canon ce ko HP ko Epson. Ka ce a ba ka kebul ɗin firinta, kada tsawonsa ya wuce mita 5. Ka leƙa bayan kabad ɗin yayan naka tukuna, can suke taruwa.

Tambaya: Ni malamin makaranta ne. Laftof ɗina HDMI kawai gare shi, majigin makarantarmu kuma VGA. Na sayi kebul mai kan HDMI a gefe ɗaya, VGA a ɗaya gefen, bai kawo komai ba. Na sake sayen adafta, shi ma shiru. Mai sayarwa ya ce laftof ɗin ne ya lalace.

Amsa: Malam, laftof ɗinka lafiyarsa lau. Wannan kebul ɗin da ka fara saya kuwa, ba abin da ke ɓata mini rai a harkar nan kamarsa, don kusan kowane mako sai wani ya kawo ƙararsa.

Kama da wane ba ta wane. Don kan kebul ya shiga rami daram, ba shi ne kayan biyu suna jin juna ba. VGA, wannan shuɗin mai haƙora 15 a layi uku, IBM ce ta fito da shi a 1987, kuma analog ne: hoton yana tafiya ne a matsayin wuta mai hawa da sauka, ja da kore da shuɗi kowanne da wayarsa. HDMI kuwa dijital ne, lambobi yake turawa. Tsakanin waɗannan biyu sai an sami tafinta, wato 'yar ƙwaƙwalwa da za ta karɓi lambobin ta mai da su abin da majigi ke ganewa. Kebul ɗinka na farko zallar waya ce da roba. Da za ka fasa kansa, wayoyin da aka liƙa da dalma kawai za ka gani.

Na san inda mutane suka samo tunanin cewa waya kaɗai ta isa. A da akwai ɗan adaftan DVI (wani ramin haɗa allo ne) zuwa VGA da ba komai cikinsa, kuma yana aiki, saboda ramin DVI-I dama yana ɗauke da analog ɗin a haƙora huɗu da ke kewaye da faffaɗan tsinken nan na gefe. HDMI bai gaji wannan ba ko kaɗan.

Sai adaftanka na biyu. Ban gan shi ba, amma zan iya cewa na juye aka ba ka. Waɗannan na'urori hanya ɗaya suke bi. Wanda aka rubuta HDMI zuwa VGA daga sabuwar kwamfuta yake ɗauka ya kai tsohon allo. Wanda aka rubuta VGA zuwa HDMI akasin haka yake yi. Sunan farko na mai aiko da hoto ne, na biyu na mai nunawa. Mutane ba sa karanta kwali, mai sayarwa ma bai karanta ba, sai a taru a ɗora wa laftof laifi. Duba naka: in kan VGA ɗinsa namiji ne, ga kuma jelar USB da jelar sauti suna reto a jikinsa, to na juye ne.

Wanda kake buƙata kansa na HDMI namiji ne, sai ɗan akwati, sai ramin VGA mace inda kebul ɗin majigin zai shiga. Ka zaɓi mai ramin iyafis, domin VGA ba ya ɗaukar sauti, kada ka kunna wa ɗalibai bidiyo su yi ta kallon baki yana motsi. In da hali ka ɗauki mai ɗan ramin wuta a gefe, saboda wutar da HDMI ke bayarwa 'yar kaɗan ce, wasu laftof ɗin ba ta isar adafta, sai hoto ya riƙa ɗaukewa yana dawowa. Bayan ka haɗa, danna maɓallin Windows tare da P don ka tura hoton zuwa majigin. Kada kuma ka yi mamaki in darasinka ya fito amma Netflix ya nuna baƙin allo. Kariyar HDCP ce, mai hana kwafar fim, VGA bai san ta ba.

Masu sabon laftof mai USB-C kaɗai, kada ku yi wa malam dariya. Ba kowane ramin USB-C ne ke fitar da hoto ba, sai wanda ke da DisplayPort a ciki ko Thunderbolt, wato fasahohin da ke ɗaukar hoto. Wani caji da fayil kawai ya iya, ko adaftan zinare ka soka masa.

Abin da nake ta faɗa ba a ji: kafin ka fita sayayya, ɗauki hoton ramukan biyu da wayarka, kusa-kusa yadda za a iya ƙirga haƙora, ka kuma san wanne ke aikawa wanne ke karɓa. Da baki kowa cewa yake "wannan mai faɗin nan".

Tambaya: Ina da tsohon kibod mai zagayen kai da nake jin daɗin rubutu da shi. Na sa masa ɗan adaftan USB, bai motsa ba.

Amsa: PS/2 ne, shuni na kibod, kore na maus. Ƙaramin adaftan nan ba ya fassara komai, an yi shi ne don kibod ɗin da dama ya iya yare biyu, na PS/2 da na USB. Nemi mai jela biyu da ɗan kumburi a tsakiya. Kuma ka riƙe kibod ɗin nan, na yanzu da yawa ba su kama ƙafarsa ba.

Tambaya: Kwamfutar teburina ta mutu, na ciro rumbun ajiyarta don in kwashe hotuna. Na haɗa da kebul ɗin SATA zuwa USB, ko ƙara bai yi ba.

Amsa: Hajiya, yunwa yake ji. Babban rumbu mai inci 3.5 yana son bolt 12 kafin ya juya, ramin USB kuwa bolt 5 yake bayarwa. Kebul ɗin da kika saya na ƙaramin rumbun laftof ne. Nemi adafta mai cajarsa daban da ake sokawa a bango. Masu rumbun da ya fi wannan tsufa, mai haƙora 40 a layi biyu, IDE za su nema. Ranar da ya tashi ki kwashe komai a zama ɗaya, kada ki tsaya kallon hotuna.

Tambaya: Kyamarar kaset ɗina ta MiniDV tana da ramin da aka rubuta DV. Na ga kebul ɗin DV zuwa USB, in saya?

Amsa: Kada ka saya. FireWire ne wannan ramin, kuma shi da USB ba sa haɗuwa ta waya. Sa katin FireWire na PCIe, wato irin wanda ake sokawa a cikin kwamfutar tebur, ko ka ari tsohon laftof mai ramin da aka rubuta 1394.

Tambaya: Na'urar aunawa ta wurin aikinmu da siriyal mai haƙora 9 take aiki. Adaftan USB ɗin yana nuna saƙon matsala na Code 10 a Windows.

Amsa: Galibi jabun ƙwaƙwalwar kamfanin Prolific ce a ciki, sabon direba, wato manhajar da ke sarrafa adaftan, ba ya karɓar ta. Sayi mai ƙwaƙwalwar kamfanin FTDI, sannan ka duba lambar COM ɗin da Windows ya ba shi ka saka ta a manhajar na'urar.