Tambayoyin Masu Karatu: Yaya Sunan Ɗalibi Zai Fito da Kansa a Takardar Shaidar Kwas?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ce ke kula da horar da ma'aikata a wata ƙungiyar adashi da ba da rance ta 'yan kasuwa da ke Aboabo a nan Kumasi, kuma bana ne muka mayar da kwas ɗinmu na riƙe littafin kuɗi zuwa intanet. Na haɗa darasin da manhajar Articulate Storyline, aka ɗora mana shi a kan Moodle. A shafin ƙarshe akwai takardar shaidar kammalawa, inda na bar gurbi kowa ya rubuta sunansa, to daga nan rigimar ta taso. Wani ya rubuta laƙabin da ake kiransa da shi a Kejetia, wata ta rubuta sunan ɗanta na fari tare da "Maman", wani kuma ya buga takarda biyu, ɗaya tasa, ɗaya ta abokinsa da ko buɗe darasin bai yi ba. An ce mini da JavaScript ana iya ɗauko sunan mutum da lambarsa kai tsaye daga rajista, amma da ɗan yayata mai karatun kwamfuta ya gwada a na'urarsa, gurbin fayau ya fito. Shin abin gaskiya ne, kuma yaya ake yi? Daga wata malama, Aboabo.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Gaskiya aka faɗa miki, kuma umarnin da ake bukata bai fi 'yan layuka ba, sai dai kafin a kai gare su ya kamata ki san inda sunan yake zaune, domin rashin sanin wannan ne ya sa ɗan yayarki ya ga gurbi babu komai.

Darasin da kika haɗa bai san kowa ba. Wanda ya san ɗalibi shi ne dandalin da aka ɗora darasin a kansa, wato Moodle a wajenku, domin can ne mutum ya shiga da sunan shiga da kalmar sirri. Darasi kamar malamin aro yake da aka kawo ya riƙe aji na kwana ɗaya: idan yana son sanin sunan wanda ke zaune a gabansa, dole ya tambayi mai riƙe da rajistar makaranta. Ƙa'idar da ta tsara yadda ake wannan tambaya ita ce SCORM, wadda shirin ADL na Ma'aikatar Tsaron Amurka ya fito da ita. Biyu daga cikin zubinta ne suka fi yawo a duniya har yau, SCORM 1.2 na shekarar 2001 da SCORM 2004, wanda aka sabunta har zuwa bugu na huɗu a 2009. Tunda Moodle kuke amfani da shi, shawarata ki fitar da darasin a zubin 1.2, domin shi ne Moodle ke ɗauka da kyau, goyon bayansa ga na 2004 kuwa bai cika ba.

Idan ɗalibi ya danna darasi, dandalin yana buɗe shi ne a cikin wata taga da ke ƙarƙashin tasa, ya kuma ajiye wani abin sadarwa a tagar sama wanda darasin zai nema. A zubin 1.2 sunan wannan abu API, a na 2004 kuma API_1484_11. Aikin farko na umarnin JavaScript shi ne ya duba tagar da yake ciki, idan bai samu ba ya hau zuwa window.parent, ya ci gaba da hawa har ƙololuwa, idan kuma darasin a sabuwar taga ya buɗe sai ya leƙa window.opener ya sake irin wannan hawan. Da zarar an same shi, tambayar kanta layi ɗaya ce. A zubin 1.2 ana cewa API.LMSGetValue("cmi.core.student_name") domin suna, a sauya ƙarshen zuwa student_id domin lamba. A na 2004 kalmomin sun canja, ana cewa GetValue("cmi.learner_name") da GetValue("cmi.learner_id"). Wanda ya yi tambayar zubi ɗaya alhali darasin a ɗaya zubin aka fitar da shi ba zai samu amsa ba, kuma wannan na daga cikin kurakuran da aka fi yi.

Abin da nake zato ya faru da ɗan yayarki ya fi wannan sauƙi. Kin ce a na'urarsa ya gwada, wato ya buɗe fayil ɗin kai tsaye daga kwamfutarsa, inda babu Moodle a sama, babu rajista, babu wanda za a tambaya. Umarninsa na iya zama daidai daga farko har ƙarshe, amma ba zai taɓa yin aiki a wajen dandali ba. Ku fitar da darasin a matsayin ƙunshin zip, ku ɗora shi a wani kwas na gwaji a Moodle ɗinku, ko a SCORM Cloud na kamfanin Rustici Software wanda masu wannan sana'a ke gwaji a kansa, sannan ku shiga da asusun ɗalibi ku gani. Idan har yanzu babu komai, ku kira LMSGetLastError() nan take bayan tambayar. Amsar 301 na nufin an yi tambayar kafin a ƙulla sadarwa da dandalin, maganinta kuwa shi ne a matsar da umarnin daga shafin farko zuwa wani shafi na gaba. Akwai kuma yanayin da ake ajiye fayilolin darasi a wani adireshin intanet daban da na dandalin, inda burauza da kanta ke hana tagogin biyu magana da juna saboda tsaro, amma tunda an ɗora naku a cikin Moodle ɗin ne, ban sa ran wannan ya shafe ku ba.

A Storyline akwai gargaɗi guda da zan yi wa yaron. Manhajar da kanta take kiran LMSInitialize idan darasi ya buɗe, ita ce kuma take kiran LMSFinish idan an rufe, saboda haka kada ya sake kiran ko ɗaya daga cikinsu. Littattafan koyon SCORM sukan nuna su a kowane misali, shi ya sa sabon shiga ke kwafe su gaba ɗaya, amma idan ya kira LMSFinish a tsakiyar darasi ya katse sadarwar ke nan, makin jarrabawar ɗalibi ba zai isa rajista ba. Iyakar aikinsa ya yi tambaya ya karɓi amsa. Sai ki ƙirƙiri ma'ajin rubutu a Storyline, ki sa masa suna kamar SunanDalibi, da haruffan boko marasa lanƙwasa, shi kuma ya zuba amsar a ciki da GetPlayer().SetVar("SunanDalibi", suna). A kan takardar shaidar, inda gurbin yake a da, ki rubuta %SunanDalibi%. A lura da manya da ƙananan haruffa, domin sunandalibi da SunanDalibi ba abu ɗaya ba ne a wajen JavaScript.

Ranar da abin ya fara aiki za ki yi murna, sannan ki duba takardar ki ga abin da ba ki zata ba. Ƙa'idar 1.2 ta tanadi a ba da suna ne a juye, sunan dangi a gaba, sai waƙafi, sai sunan yanka, don haka mai suna Sa'adatu Abdullahi za ta iya fitowa a matsayin "Abdullahi, Sa'adatu". Gyaran ba shi da wuya: a raba rubutun a kan waƙafin da split(","), a share sararin da ya rage da trim(), a sa kashi na biyu a gaba. Sai dai a fara duba ko waƙafin yana nan, domin ba kowane dandali ke bin wannan tsari ba, wasu a miƙe suke bayarwa, kuma umarnin da ya ɗauka cewa kullum akwai waƙafi zai buga kalmar undefined a gaban sunan baiwar Allah a takardar da za ta kai wa shugabanta.

Matsalar da ta fi wannan girma ta mu ce ta Zango. Fom ɗin rajista an tsara shi ne a kan mutanen da ke da sunan dangi guda da ake gada, mu kuwa sunan yanka muke da shi, sai na uba, wani lokaci da na kaka ko na garin asali. Magatakardan da ya shigar da sunayen ma'aikatanku zai iya sa sunan uban wani a gurbin dangi, ya sa na kakan wani, ya haɗe sunaye biyu na wani a gurbi ɗaya. Ga kuma bambancin rubutu, domin wanda ake kira Isa a gida yana iya zama Issah a takardun makaranta, Husaini ya zama Fuseini, Sa'idu ya zama Seidu. JavaScript ba zai warware ko ɗaya daga cikin wannan ba, abin da ya tarar a rajista shi zai kawo, kuma ba zai iya gyara shi ba ko da an so, domin waɗannan gurabe biyu na karantawa ne kawai, duk wanda ya yi ƙoƙarin rubutu a cikinsu lambar kuskure 403 zai samu a zubin 1.2. A ganina, kafin a rubuta layi ɗaya na umarni, ki zauna da jerin ma'aikatanku ki daidaita kowane suna da yadda yake a katin Ghana Card na mai shi, tunda da katin za a gwada takardar duk inda aka kai ta. Cikin gwajinku kuma ku sa suna mai hamza kamar Mu'azu, da mai lanƙwasa kamar Ɗanladi, da na abokan aikinku Asante mai ɛ ko ɔ, domin hamza tana iya karya umarnin da aka rubuta da sakaci, haruffan nan kuma sukan koma alamar tambaya ko ɗan akwati idan fayil ɗin da aka shigar da sunayen ba a tsarin UTF-8 yake ba, ko salon rubutun da kika zaɓa wa takardar bai ƙunshe su ba.

Yanzu ga maganar mai takarda biyu, wadda ita ce ainihin abin da ya dame ki. Ɗauko suna daga rajista zai kawar da laƙabi da "Maman wane", amma ba zai hana mai niyyar maguɗi ba. Idan ba a kulle ba, ɗalibi na iya shiga shafin bayanansa a Moodle ya canja sunansa zuwa na abokinsa, ya buɗe darasin ya buga takarda, ya koma ya mayar da sunansa, don haka ki sa mai kula da dandalinku ya kulle guraben suna a saitin asusun masu amfani. Ko an kulle ma, duk abin da ya bayyana a burauza yana hannun mai burauzar ne, yaron da ya san maɓallin F12 zai iya sauya rubutun da ke kan allo kafin ya buga. Saboda haka ni ba na ɗaukar takardar da aka zana a cikin darasi a matsayin hujja. Ta isa ta faranta wa ɗalibi rai, ta kira shi da sunansa, amma idan a kanta za a yi ƙarin girma ko a damƙa wa mutum kuɗin jama'a, gara takardar ta fito daga Moodle ɗin kansa. Akwai ƙarin manhaja mai suna Custom certificate da ake sanyawa a Moodle, wadda za a iya hana ta buɗewa sai rajista ta nuna an kammala darasin, kuma tana iya sa wa kowace takarda lambar tantancewa da za a bincika daga baya. Wanda ya ba abokinsa kalmar sirrinsa ya yi masa jarrabawa kuwa, wannan sai dai ku tara su a ofis ranar jarrabawar ƙarshe.

TAMBAYA: Malam, ina shirya darussan koyon gyaran waya ga matasa a Asawase. Zan iya ɗauko adireshin imel da lambar wayar ɗalibi, ko lambar katinsa, ta wannan hanyar, don in tura su zuwa wani jadawali nawa? Daga wani mai horarwa, Asawase.

AMSA: Malam, ta SCORM ba za ka iya ba, domin suna da lambar shaida kaɗai ta tanada game da ko wane ne ɗalibi, babu gurbin imel ko waya a cikinta. Sabuwar ƙa'idar xAPI, wadda zubinta na 1.0 ya fito a 2013, tana iya bayyana ɗalibi da imel ɗinsa a gurbin mbox, yayin da cmi5, wadda aka gina a kanta, ke amfani da lambar asusu. A tsarin cmi5, da ma hanyar da aka saba buɗe darussan xAPI, bayanin ɗalibi yana tafiya ne a jikin adireshin da aka buɗe darasin da shi, abin da ke nufin zai iya zama a tarihin burauza, kuma ka san yawancin yaranka a waya ɗaya ko kwamfutar shago ɗaya suke karɓa-karɓa.

Akwai wata ƙofar baya da ya kamata ka sani don ka toshe ta. Abin da Moodle ke bayarwa a matsayin student_id shi ne sunan shiga na ɗalibi, saboda haka idan ka mayar da lambar waya ko lambar Ghana Card ta zama sunan shiga, duk wani darasin SCORM da aka ɗora a dandalin, har wanda ka sauko da shi kyauta daga inda ba ka sani ba, zai iya karanta ta. Ka ba kowa lamba ta cikin gida wadda ba ta da amfani a wajen makarantarka. Game da jadawalin naka kuma, dokar kare bayanan jama'a ta Ghana ta 2012, wato Act 843, ta wajabta wa mai tara bayanan mutane ya yi rajista da Hukumar Kare Bayanai, ya sanar da su dalilin tarawar, kuma kada ya karɓi fiye da abin da dalilin ke bukata. Idan lambar waya kake so don ka riƙa tuna musu ranar aji, ka nema a fom ɗin shiga, ka rubuta dalilin a ƙarƙashin gurbin, waɗanda ba su kai shekara 18 ba kuma iyayensu ko masu riƙonsu su sa hannu.