Fina-finai da littattafai masu tsabta ba tare da kashe kuɗi da yawa ba

'Yar'uwa, kin tambaya me za ki ba yaranki su kalla su kuma karanta, tunda aljihu ba nauyi. Ni dai shawarata, ki fara da abin da yake kyauta.

Fim ɗin rayuwar Yesu na 1979, wanda aka ɗauko daga Bisharar Luka, yana intanet kyauta, an kuma fassara shi zuwa Hausa. Sai dai ki fara kallon wurin gicciyewa ke kaɗai, don yana iya tsorata ƙanana. Manhajar YouVersion ma kyauta ce, tana da Littafi Mai Tsarki cikin harsuna masu yawa, wasu har da murya.

Tsofaffin littattafai kuwa, waɗanda haƙƙin mallakarsu ya ƙare, shafin Project Gutenberg na bayar da su ba ko sisi, yawanci da Turanci.

Abin da ya fi taimaka mana shi ne musaya. Iyalai biyar a ikkilisiya, kowa ya sayi littafi ɗaya, ku riƙa juyawa, kin ga yaranki sun karanta biyar da kuɗin ɗaya. Ki dai rubuta sunanki a bango, littafin aro ba ya son komawa gida.