Tambayi Likita: Jikin da muke gani a waya

Tambaya daga wata ɗaliba, Ƙofar Ƙaura, Katsina: Likita, shekarata 21. Kullum ina kallon matan da ke motsa jiki a Instagram da TikTok, ciki a shafe, damtse a murɗe. Wata huɗu ina fama, ban ga komai ba. Wata ƙawata ta ce akwai allurar da ke murɗa jiki da sauri. In gwada?

Ƙanwata, don Allah kada ki gwada. Hoton da ke hana ki barci, mai shi ta ɗauki da yawa kafin ta zaɓi ɗaya, ta haɗiye ciki, ta tsaya inda haske ke fito da kowace jijiya, sannan manhaja ta gyara saura. Masu shiga gasar murɗa jiki har abinci da ruwa suke ragewa kafin ranar hoto. Ita kanta ba haka take tashi daga barci ba. Kuma ba ke kaɗai abin ke ci wa rai ba: a 2021 takardun cikin gida na kamfanin Facebook, mai Instagram, da suka fito fili sun nuna kashi 32 cikin ɗari na 'yan mata sun ce idan suna jin haushin jikinsu, Instagram na ƙara musu.

Allurar nan sinadarin maza ce, irin testosteron. Tana fito da gashin gemu da ƙuraje, ta rikita haila, ta taɓa hanta da zuciya. Wata yarinya ta taɓa yi mini sallama a ofis ina rubutu, na ɗago ina neman namijin da ya shigo, sai na ga ita kaɗai ce, tana murza bakin hijabinta. Wata shida da daina allurar ke nan. Murya idan ta yi kauri, sau da yawa ba ta komawa. Har yau abin yana tsaya mini a rai.

Tambaya daga wata uwa, Daura: Ɗiyata ta sayo ƙarafa tana ɗagawa a ɗaki. Ina tsoron ta zama kamar namiji, ko ta rasa haihuwa.

Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Testosteron ɗin da ke jikin mace bai kai kashi ɗaya cikin goma na namiji ba, don haka ƙarfe kaɗai ba ya mai da ita ƙato, ba ya kuma hana haihuwa. Iyayenmu da suka tashi da daka da surfe da jan guga sun fi ta damtse, sun kuma cika gida da 'ya'ya. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana so baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, da kwana 2 na ƙarfafa tsoka. Ki sa ido kan kwanonta kawai. Ta ci wake, ƙwai, awara, gyaɗa, ta sha fura da nono. In ta fara ƙin abinci, tana yawan auna ƙugunta, ko haila ta ɗauke wata 3, ku zo asibiti tare.

Tambaya daga wata amarya, Katsina: Ni kuwa cika nake so kafin biki, kamar amaren da nake gani a bidiyo. Wata 2 ina shan “sha ka fashe”.

Amarya, Allah Ya sanya alheri. Yawancin abin da ake sayarwa da wannan suna akwai dexamethasone a ciki, wani maganin asibiti mai ƙarfi. Kumburi yake kawowa: fuska ta yi zagaye, ciki ya fito, nankarwa ta tsattsaga fata, ƙafafu da mazaunan da kike so su cika su ne ke ramewa, don tsoka yake cinyewa. Ga ciwon suga da hawan jini a bayansa. Amma kada ki yanke shi rana ɗaya, jikinki ya saba, jini na iya faɗuwa har ki suma. Ki ɗauko kwalin maganin ki kai wa likita cikin makon nan, a auna miki suga da jini, a riƙa rage miki shi sannu a hankali.