Haɗa fada a dandamali da kuɗi kaɗan

Malam, ka tambayi yadda za ku haɗa fada a dandamali ba tare da kashe kuɗi da yawa ba. Bango ba wuya: katako da buhu, ku shafe da jar ƙasa, ku zana dagi, ku kafa zankwaye a sama. Ku leƙa Gidan Makama, gidan tarihin da ke Kano, ku ga fasalin.

Tufafi ne wurin tuntuɓe. Rawani mai kunne biyu na sarki ne da jinin sarauta. Kuka naɗa wa mai unguwa, 'yan kallon Kano ba za su ƙyale ku ba. Dogarai ja da kore, yadin yana Kantin Kwari. Farar shadda kuwa ƙyallinta ƙarƙashin fitila yakan dusashe fuskar ɗan wasa, gara shuɗin rinin Ƙofar Mata. Alkyabba dai ku yi haya.