Dalilin da ya sa lasifikar kasuwa take danne murya

Malam, ka tambayi abin da ya sa lasifikar da ka saya a Adum, unguwar kasuwanci ta Kumasi, take girgiza ɗaki da kiɗa, amma karatun Alƙur'ani ba ya fita sarai. Ba lalacewa ta yi ba. Da gangan masu ƙerawa suke ƙara kaurin sautin ƙasa, irin na babbar ganga, da kaifin na sama, irin na sarewa, muryar mutum kuwa a tsakiya take, sai ta nutse.

Suna yin haka ne saboda mai saye yakan yanke shawara cikin ɗan lokaci a hayaniyar kasuwa, inda kunne yake bin wadda ta fi amo. Ni da nake haɗa na'urori a wuraren wa'azi a Zangon Kumasi, ba na biyan kuɗi sai an sa mini magana zalla na saurara.